Tsinke da Ƙaramin Yatsa

Sallama gare ku, ku da kuke karanta ni kuna shafa gilashin waya da babban yatsa ko kallon inda ya sauka ba kwa yi. Ku ɗan sassauta shafar nan. Yau zan ba ku labarin wata waya da ta fi naku taurin kai, da yadda ƙaramin yatsana, wannan na gefe da ko loma ba ya iya ɗauka, ya shiga tsakanina da mutum ɗaya tak da ya taɓa sauraron abin da ke raina.

Sunana Sharifa. A Guji aka haife ni, nan Njamena, a gidan Malam Dawuda mai hatsi. Kakan Baba ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai je Makka, ya yada zango a nan don ya huta, hutun da har yau mu jikokinsa ba mu gama ba. Hausa a tsakar gida muke yin ta, da ka taka bakin ƙofa sai Larabcin gari, a makaranta kuma Faransanci. Harshe uku gare ni, amma a shekarar da nake ba ku labari, 2009, ba ni da wanda zan zauna mu yi hira da ko guda daga ciki. Innata ta rasu tun ina kwaleji. Yayata Safiyatu aure ya kai ta Abeshe, sai mu yi wata biyu ban ji muryarta ba. Gida ya rage daga ni sai Baba, wanda maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba, sai ƙanwarsa Gwaggo Indo, wadda tata maganar ta ishi unguwa amma babu tawa a ciki sai ta aure. Na gama koyon aikin sakatariya, takardar tana ƙasan akwati, shekarata ashirin da huɗu. In na gama shara da girki sai in zauna gindin dalbejiyar tsakar gida ina kallon ƙadangaru har a kira la'asar.

Tsohuwar wayata ce ta kai ni wurinsa. Ta daina jin caji, na ɗaura laffayata ruwan toka na hau motar haya zuwa Babbar Kasuwa. A layin masu wayoyi na tsaya gaban wata 'yar rumfa, mai ita dogo ne siriri, da hula zanna bukar a tsakiyar ka, kana gani ka san ba ɗan gari ba ne. Na yi masa bayani da Larabci. Ya karɓa, ya juya ta, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Na sake tambaya, ya sake buɗe baki, shiru. Zafi ya ishe ni, na yi ƙasa da murya na ce da Hausa, don na ɗauka ba mai ji, “Oh ni Sharifa, wannan ko kurma ne?”

Ya ɗago ya dube ni. “B-b-ba kurma ba ne, Hajiya. B-bakin ne yake makara.”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ja laffaya na rufe rabin fuska ina ba shi haƙuri, shi kuwa dariya yake, marar sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Ya yago gefen kwali ya rubuta mini da ajami cewa in dawo jibi, a ƙasa ya sa sunansa: Mijinyawa. Rubutun nan ya tsaya tsaf, kowane harafi da wasalinsa, ba in'ina ko ɗaya a ciki. Daga Kano ya zo, shekararsa biyu a garinmu. Ban san dalili ba, kwalin nan ban yar da shi ba.

Bayan gyara sai saƙo ya fara shiga tsakaninmu, a nan kuma aka sami matsala. Ni ban taɓa koyon rubuta Hausa da boko ba, da haruffan Faransanci nake kama ta. Ranar farko na tura masa: “Ina kouana, ka tachi lafia? Ni na cha chayi.”

Ya amso: “Lafiya lau na taci. Amma wace caca kike yi da sassafe?”

Na yi fushi na yini guda. Shi bai iya Faransanci ba, ni bokonsa na Kano da ƙyar nake haɗa shi, kira kuwa ba ya cikin lissafi, don a waya in'inarsa ninkuwa take yi, sai ya yi ta fama da harafin farko har tausayi ya kama ni. Kuma ɗakina da na Gwaggo katanga ɗaya ce mai jin komai.

Bayan wata biyu ya ce in biyo ta rumfa. Ya ciro wata waya baƙa daga kwali, gaba ɗaya fuskarta gilashi, maɓalli biyu kacal a ƙasa, kore da ja. Ya sa farce a kusurwarta ya zaro wani siririn abu kamar tsinken sakace, sai dai na ƙarfe ne mai kan roba. 'Yan kasuwa tsinke suke ce masa, ni ma haka na kama. Ya buɗe wani farin fili a gilashin, ya rubuta da tsinken daga dama zuwa hagu, ajaminsa ya fito ɗoɗar kamar a kan allo: “Yanzu ba mai yi wa wani dariya.” Ya nuna mini cewa rubutun tafiya yake a matsayin hoto, ya isa wurin mutum da kamannin hannun wanda ya yi shi. Irinta ce a aljihunsa.

Na ce ba zan karɓa ba, ya ce aro ne. Na karɓa.

Ya zaunar da ni a kan bencinsa ya koya mini. Ya ce aikin wayar kashi biyu ne. Manyan wurare, wato amsa kira, buɗe saƙo, turawa, ajiyewa, duk na yatsa ne, a danna da ɗan ƙarfi don ba ta jin shafa. Rubutu da ƙananan wurare kuwa na tsinke ne. Na kama tsinken yadda na saba kama alƙalamin kara a makarantar allo, na kafa ƙaramin yatsana a gefe don hannu ya sami madogara, na fara jan alifi. Sai layin ya yi tsalle ya tafi wani wuri daban.

“Wayarka ta lalace,” na ce.

Ya girgiza kai, ya nuna yatsan da bakin biro bai taɓa ni ba. “G-gilashin nan taɓawa ɗaya yake ji. Bai san tsinke ba, b-bai san yatsa ba, duk wanda ya danna shi ne mai magana. In kina rubutu, ɗ-ɗaga hannun sama, kamar mai zanen lalle.”

“In na gaji fa?”

“Ki ajiye. K-kada dai ki jingina.”

A ƙasan farin filin akwai kalmomi biyu, don ya mayar mini da wayar Faransanci. Ta hagu “Brouillon”, ma'ajiyar abin da ba a tura ba. Ta dama “Envoyer”, wato tura. Ku riƙe wannan, 'yan uwa, ta daman nan tana daidai inda mai rubutun ajami yake kafa yatsansa.

Watanni biyar da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na sani tun rasuwar Inna. Saƙon hoto a lokacin ba ya tafiya sai ya ga dama, wani sai na tura sau huɗu rezo, wato layin sadarwa, yana dawo mini da shi, wani ya fita da hantsi ya isa da la'asar. Amma in ya iso, hannunsa nake gani. Ina gane ranar da ya gaji daga yadda wutsiyar harafi take faɗuwa, ina gane ranar da yake nishaɗi don sai ya zana 'yar butar shayi a ƙarshe, tsokana ce ta “chayi” da ya ƙi mantawa. Mutumin da ba ya iya gama sallama a tsaye, a rubuce sai ya cika gilashi uku yana ba ni labarin unguwarsu da mahaifiyarsa mai sayar da ƙuli. Ni ma na rubuta masa abubuwan da ko Safiyatu ban faɗa wa ba.

Wata rana kasuwa ta cika masa, sai ya danno mini da yatsa, da boko, a gaggauce: “Ina sonki.” Karo na farko ke nan da ya faɗa. Maimakon in yi murna, ni uwar iyayi, sai na zaro tsinke na rubuta masa: “Gaisuwa da tambayar hanya ka yi su da yatsa. Amma maganar da ta fito daga zuciya kada ka ƙara aiko mini ita sai da tsinke.” Kafin azahar ya sake aiko ta da hannunsa, har da wasali. Ni na kafa dokar nan da kaina, ku shaida.

A gida kuwa tukunya tana ta tafasa. Gwaggo Indo tana da ɗa, Yaya Waliyyullahi, yana harkar shanu a unguwar Farsha, shi take so in aura. Kada ku sa ran in zage shi, ba shi da abin zagi. Duk Juma'a sai ya aiko mana da nama, bai taɓa ɗaga mini murya ba, in ya zo gaishe da Baba har tambayata yake ko akwai abin da nake so. Sai dai in muka zauna, bayan gaisuwar Larabcin gari, “inti afe” da “afe”, sai mu yi ta kallon tabarma.

Wata safiya Gwaggo tana murza mini shebe, garin gyaran gashi na matan garinmu, kaina a tsakanin gwiwoyinta, inda ta san ba ni da hanyar gudu, ta fara.

“Wai ke, wannan abin da kike tsokana da tsinke yini guda kamar mai cire ƙaya, shi zai aure ki?”

“Gwaggo, rubutu nake.”

“Rubutu. Mu ma mun yi allo, ba mu ga ya kawo lefe ba. An ce mini wani ɗan Nijeriya ne a kasuwa, wanda kafin ya gama sallama an shafa fatiha. In da gaske yake, me ya hana shi zuwa ya durƙusa gaban yayana? Baƙon kasuwa ne fa, yarinya. Ran da kayansa suka ƙare zai naɗe tabarmarsa, ke kuma ki zauna da tsinke.”

Ta ja gashin da ƙarfi. Abin da ya fi ciwo shi ne tambayarta tana kan hanya. Sau uku Mijinyawa yana sa ranar zuwa gaishe da Baba, sau uku yana fasawa. Ya rubuta mini cewa tsoro yake kada ya durƙusa gaban dattijo bakinsa ya kulle, a ce wannan ne zai riƙe 'yar mutane.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Yana zaune kan buzunsa, carbi a hannu. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

“Uwata, baffannin Wali sun yi mini magana sau biyu ina ce musu su dakata. Juma'a ta huɗu daga yau za su zo bayan masallaci. Ba zan ba da ke ba sai da bakinki, wannan alkawari na yi wa mahaifiyarki. Amma ba zan sake ce wa manyan mutane su jira ba. Ranar ko e, ko a'a. In kuma akwai wani, to, ƙofar gidan nan ba a ɓoye take ba.”

“To, Baba,” na ce. Ban iya ɗaga kai ba, balle in ambaci suna.

Na rubuta wa Mijinyawa duk yadda aka yi. Amsarsa ta zo da hannunsa, a tsaye kyam: zai tafi Kano jibi ya taho da Kawu Yunusu, ƙanen mahaifinsa, shi zai yi magana a madadinsa, kuma kafin Juma'ar nan suna zaurenmu in Allah ya yarda. Ya saba tafiya sarin kaya, kuma ko daga can wasiƙunsa suna isowa, sai dai su makara. Daga Gamboru ya aiko mini da guda, da butar shayinta. Ita ce ta ƙarshe.

Kwana uku ban ji komai ba. A na huɗu saƙo ya shigo, na boko, na yatsa: “Na iss lfy.” Ko sunana babu. Na ce gajiya ce. Na zauna na cika masa gilashi biyu da tsinke, bayan kwana biyu amsa ta zo: “Ngd. Ki yi hkri.” Haruffan ma a karkace, wani ya hau kan wani, irin na wanda ya danna yana kallon wani wuri.

Na tambaye shi ko lafiya. “Ba komsi.”

Na tambaye shi ko tsinkensa ya ɓata ne. “Yana nan.”

Wannan “yana nan” ta fi komai yi mini ciwo. Da ya ce ya ɓata da na sami abin riƙewa. Tsinke yana nan, hannu yana nan, ni ce dai ban kai a zaro shi domina ba. Na fara lissafin 'yan matan Kano da Hausarsu ba ta gauraya da Larabci ba, masu rubuta “kwana” ba “kouana” ba. Na tuna maganar Gwaggo ta naɗe tabarma. Sau biyu na sa yatsa kan koren maɓalli zan kira shi, kunya da girman kai suka hana ni, na ce ai shi ya san lambata.

Zafin watan Afrilu ya sauko, irin wanda ko ƙadangarun ba sa fitowa. Wuta sai ta yi kwana biyu ba ta zo ba, in kai wayar caji shagon bakin titi in tsaya a kanta kamar mai jinya. Na daina tura masa wasiƙu, amma ban daina rubutawa ba. Kullum bayan azahar, in gida ya yi tsit, sai in buɗe saƙonsa na ƙarshe, in shiga wurin amsa, in rubuta duk abin da ke cina, sannan in danna “Brouillon” da yatsa in ajiye. Wata ta roƙo ce, wata ta zagi, wata labarin abin da na dafa kawai, don ba ni da wanda zan faɗa wa miyar ta yi daɗi. Sai da na tara goma sha tara. Kaɗaici na sani tun da, amma wanda ya zo bayan an saba da hira ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Ran Laraba na karya dokar kaina na danna masa da yatsa: “Jibi ne.” Ya amso: “Na sani.” Shi ke nan.

Juma'a ta zo. Tun da safe Gwaggo ta sa aka share zaure aka shimfiɗa babbar darduma, ta jiƙa karkanji, wato zoɓo, ta sa ƙanƙara, ta turara gidan har ido yana yaji. Ta ciro mini laffaya ruwan zuma mai ɗigon zinariya ta ajiye a bakin gado, ta ce in sa ko ba za a gan ni ba. Na sa. Na zauna a ɗaki ina jin masallatan unguwa suna huɗuba, kunnena yana bakin ƙofa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai in miƙe tsaye, sai kuma ya wuce.

Aka sauko daga masallaci. Na ji sallamar maza a zaure, muryoyi uku, duk da Larabcin gari. Baffannin Yaya Wali ne.

Na zaro tsinke. Na buɗe wurin amsa na rubuta: “Mijinyawa, na gane. Ba sai ka wahalar da yatsanka ba kuma. Na yafe maka, kada ka dawo domina. Yau zan ce wa Baba na amince da Yaya Wali.” Allah ya sani ba don in tura na rubuta ba. Ta ashirin ce, in ajiye ta kusa da 'yan uwanta, in ga yadda maganar take a rubuce ko zuciyata za ta iya ɗaukarta. Na tsaya ina kallonta, hawaye ya cika mini ido, hannuna ya gaji da tsayuwa a sama. Na ɗaga tsinken, na jingina.

Wayar ta yi 'yar ƙara. Na share ido na duba, sai ga ambulan yana tashi a gilashi, ƙaramin yatsana kuwa yana zaune daram a kan “Envoyer”.

“Innalillahi,” na ce. Na danna ja, na danna ko'ina, na ɓalle murfin baya zan cire batir, farcena ya karye. Ina roƙon Allah rezo ya yi halinsa ya dawo mini da ita kamar kullum. Rezon da yake sa ni turawa sau huɗu, ranar nan a bugu ɗaya ya kai.

Na zauna a ƙasa, bayana jikin gado. Daga zaure ina jin ƙarar kofunan shayi da dariyar dattijai. Wata zuciyar ta ce ai shi ke nan, yatsan ya fi ki gaskiya, abin da kika kasa ne ya yi miki. Na kusa yarda da ita.

Ban san minti nawa suka wuce ba, wayar ta yi motsi a cinyata. Saƙon hoto ne. Na buɗe, da farko ban gane hannun ba. Ajami ne, amma kamar na yaron da aka fara ɗora wa alƙalami, layin yana gangarowa ƙasa, haruffa manya-manya suna karo da juna, wasali ɗaya ma ya faɗo ƙarƙashin harafin da ba nasa ba. Sai da na kai wayar bakin taga na karanta a hankali.

“Sharifa. Motarmu ta faɗi a hanyar Dikwa ran da na bar Gamboru, hannun dama ya karye biyu. Na ɓoye miki don kada a ce ga in'ina ga karaya. Sati uku ina koya wa hagu rubutu, don kin ce maganar zuciya ba a aiko miki ita da yatsa, ban so in nemi aurenki da yatsa ba. Muna Kusiri ni da Kawu Yunusu tun hantsi, layin gada ne ya tsare mu. Na ga saƙonki. Allah ya ba ku zaman lafiya. Za mu juya.”

A can ƙasa akwai wani abu mai kama da dutse da hanci. Sai da na daɗe ina kallo na gane butar shayi ce ya fara zanawa tun kafin saƙona ya same shi, bai ƙarasa ba.

'Yan uwa, na yi kuka a rayuwata, amma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Wata guda ina auna son mutum da kaurin layi, shi kuwa yana can da hannu a ɗaure yana fama da alifi saboda wata doka da na kafa don iyayi. Kusiri kuwa ga ta nan tsallaken kogi, in ka hau soron maƙwabtanmu kana hango bishiyoyinta.

“Uwata.” Muryar Baba ce daga tsakar gida.

Na laluba tsinke zan rubuta, ya suɓuce ya shige ƙarƙashin gado. Ban bi shi ba. Na sa babban yatsa na danna kore, karo na farko da na kira shi da kaina tun da na san shi. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Aka ɗauka. Hayaniyar tasha ta cika mini kunne, wani yana ta kiran “Gamboru, Gamboru, saura mutum biyu”. A ƙarƙashin hayaniyar ina jin numfashinsa, yana kokawa da harafin farko na sunana. Ni ma nawa bakin ya makara, na tsaya jiransa yadda na saba. Sai na matse wayar a kumatuna da hannu biyu na ce, “Kada ka shiga motar nan.”

Shiru. Babu tasha, babu numfashi.

Na duba gilashin. Kumatuna ya danne wurin kashewa, kiran ya yanke, an rubuta sakan huɗu. Na sake kira, wata mata ta gaya mini da Faransanci cewa ba a samun lambar. Na sake, ita ce dai.

Da na ɗago, Baba yana tsaye a bakin ƙofa ya ɗaga labule, Gwaggo a bayansa da tiren karkanji. Ban san tun yaushe suke nan ba.

“Da wa kike magana?” ya ce.

“Mijinyawa ne, Baba.” Ranar na fara faɗin sunan a gidanmu. “Yana Kusiri da kawunsa. Hannunsa ne ya karye.”

“Zai zo?”

“Ban sani ba.”

Gwaggo ta dire tiren har kofi ɗaya ya kife. “Ba ki sani ba? Yaya, ka ji fa. Ga mutane a zaune da mutuncinsu, ita tana nan da ban sani ba.”

Baba bai waiwaye ta ba. Ya dubi wayar, ya dubi farcena da ke jini, sannan ya dube ni. “Na ce miki yau ko e, ko a'a. Me zan gaya musu?”

Na san abin da a'a take nufi. Gwaggo ba za ta sake sa hannu a gashina ba, naman Juma'a zai daina zuwa, kuma in motar nan ta tashi da shi, ni da dalbejiya ne har abin da Allah ya yi. Na share fuskata da gefen laffaya.

“Ka ba su haƙuri, Baba. A'a ne.”

Ya daɗe yana kallona, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya saki labulen. Na ji takunsa har zaure, na ji Gwaggo ta shige ɗakinta ta bugo ƙofa.

Na durƙusa na zaro tsinken daga ƙarƙashin gado, na goge masa ƙura na mayar da shi raminsa. Sannan na zauna na sa agogon wayar a gabana, na maimaita maganar a hankali yadda na faɗe ta, ina ƙirgawa. Kada ka shiga motar nan. Sakan biyu take ci, in an ja ta uku. Kiran sakan huɗu ne. Abin da na kasa tunawa, na juya shi ta kowace fuska har aka kira la'asar ina zaune ina fuskantar ƙofar gida, shi ne sakan nawa na ɓata ina jiran ya gama faɗin sunana.